Shawara: Ina so in zuba kuɗin rufin gidana a hannun jarin kamfanin da aka ce zai kayar da Cisco

Wani mai karatu daga Kaduna ya aiko da wannan wasiƙa:

"Assalamu alaikum. Sana'ata ita ce haɗa na'urorin sadarwa, ina ja wa ofisoshi da makarantu da otal-otal wayar intanet, ina kafa musu rauta da suwic, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da juna da kuma intanet. Na tara kuɗin da zan yi rufin gidan da nake ginawa kafin damina ta sauka. Sai wani abokina ya turo mini jerin hasashen wani mai sharhi kan kasuwar hannayen jari ta Amurka, wanda ya nuna cewa cikin hasashe goma da mutumin ya yi a baya takwas sun tabbata. Yanzu kuma ya ce wani kamfani mai ƙera na'urorin sadarwa zai ƙwace kasuwa daga hannun Cisco, kuma farashin hannun jarinsa zai ninka cikin shekara guda saboda ƙirƙirarriyar basira. Ina so in sayi hannun jarin ta manhajar waya da kuɗin rufin, in ɗaga aikin zuwa baɗi. Maiɗakina ta ƙi amincewa, har zaman gidan ya yi tsami. Ni kuwa gani nake wannan fagena ne, domin kullum ina tare da waɗannan na'urori, na san mai kyau da marar kyau. Mece ce shawararku?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa sana'arka albarka, ya kuma kai ka ga kammala ginin lafiya. Amsata a taƙaice ita ce ka yi rufin gidanka a bana, kada ka taɓa wannan kuɗi da nufin sayen hannun jarin kamfani guda, ko wane kamfani ne shi. Amma tun da kai mutum ne mai ilimin abin da ake magana a kai, ba zan tsaya ga hani kawai ba, domin hanin da ba a kawo hujjarsa ba bai cika daɗewa a zuciyar mai ilimi ba. Ka kawo dalilai biyu, wato sanin da ka yi wa na'urorin da kuma jerin hasashen da ya tabbata, kuma tarihin wannan kasuwa da kake son shiga ya riga ya jarraba su duka biyun.

Bari mu fara da shi kansa Cisco ɗin da ake cewa za a kayar. Wasu ma'aurata biyu daga Jami'ar Stanford, Leonard Bosack da Sandy Lerner, su ne suka kafa shi a 1984, ya shiga kasuwar hannayen jari a watan Fabrairun 1990, kuma cikin shekara goma ya zama kamfanin da kusan duk wanda ke gina intanet sai ya bi ta ƙofarsa. A ƙarshen watan Maris na 2000 darajarsa a kasuwa ta haura dala biliyan 500, ya sha gaban Microsoft, ya zama kamfani mafi daraja a duniya na ɗan lokaci, hannun jarinsa guda yana kusan dala 80. Shugabansa na wancan lokaci, John Chambers, yana faɗa wa masu zuba jari cewa cinikin kamfanin zai riƙa ƙaruwa da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari a kowace shekara, wasu masu sharhi kuma suna cewa shi ne zai zama kamfani na farko da darajarsa za ta kai dala tiriliyan guda. Mutanen da suka yi wannan hasashe ba jahilai ba ne, kuma ba su yi kuskure ba a kan babban al'amarin: intanet ta ci gaba da yaɗuwa, ta kai inda ko su ba su zata ba, har ta iso makarantun da kake ja wa waya a Kaduna. Cisco ma bai rushe ba. Cinikinsa na shekarar kuɗi ta 2000 ya kusa dala biliyan 19, na 2024 kuwa ya haura dala biliyan 53, ribarsa ta tashi daga kimanin dala biliyan 2.7 zuwa fiye da biliyan 10. Duk da haka, wanda ya sayi hannun jarin a kan dala 80 ya ga farashin ya faɗi ƙasa da dala 10 a watan Oktoban 2002, sannan ya shafe fiye da shekara ashirin yana jiran ya sake ganin farashin da ya saya. Matsayin kamfanin farko na Amurka mai darajar tiriliyan guda kuwa Apple ne ya same shi a 2018.

Ina so ka tsaya ka auna wannan labari da kyau, domin a nan ne hujjarka ta farko take rauni. Injiniyan da ya ce a 2000 na'urorin Cisco su ne suka fi inganci kuma duniya za ta ƙara buƙatarsu ya faɗi gaskiya, amma da ya zuba kuɗin gininsa bisa wannan gaskiya da ya yi asarar kusan kashi tara cikin goma a cikin shekara biyu da rabi. Dalili shi ne farashin da ya biya ya riga ya haɗiye duk alherin da ake tsammani na shekaru masu yawa. Kamfanin da ribarsa ba ta kai dala biliyan 3 ba ana sayensa a kan fiye da biliyan 500, ka ga ke nan mai saye yana biyan kimanin ninki 200 na ribar shekara guda. Ingancin na'ura tambaya ce da kai za ka iya amsawa da hannunka da idonka. Ko farashin hannun jari ya dace da abin da kamfanin zai samu nan gaba kuwa tambaya ce dabam, wadda sanin rauta da suwic ba ya amsa ta.

Akwai wani abu da ya faru a cikin kamfanin a wancan lokaci wanda na tabbata zai yi maka ma'ana fiye da sauran masu karatu. A 2000 an yi ƙarancin kayan haɗa na'urori, masu saye suna jira makonni kafin oda ta iso, sai da yawa daga cikinsu suka riƙa ba da oda iri ɗaya a wurare biyu ko uku, da niyyar karɓar wadda ta fara zuwa su soke sauran. Tsarin kwamfutar Cisco, wanda ake yabo a matsayin abin koyi wajen sanin halin da ciniki yake ciki kullum, ya ƙidaya waɗannan oda a matsayin buƙata ta gaske, kamfanin kuma ya tara kaya a kan wannan lissafi. Da kasuwa ta juya, a watan Afrilun 2001 ya sanar da cewa kayan da suka haura dala biliyan 2 sun zama asara a rumbunsa, ya kuma sallami ma'aikata kimanin 8,500. Idan shugabannin kamfani, waɗanda kowace oda take bi ta gabansu, ba su hango abin da zai same su wata shida a gaba ba, to da wane ido mai sharhin da abokinka ya turo zai hango farashin shekara guda?

Sai kuma batun gasar kanta, wadda ita ce ginshiƙin hasashen da aka ba ka. Maganar cewa ga kamfanin da zai kayar da Cisco tsohuwar magana ce, an yi ta a kan kamfanoni da dama. Juniper, wanda Pradeep Sindhu ya kafa a 1996, ya fito da rautarsa ta M40 a 1998, kuma da gaske ya ƙwace kaso mai tsoka na kasuwar manyan rautocin da kamfanonin sadarwa ke amfani da su a tsakiyar hanyoyinsu. Wanda ya yi hasashen cewa Juniper zai ci rabonsa daga hannun Cisco ya yi daidai. Amma hannun jarinsa ya haura dala 200 a 2000, sannan bayan shekara ashirin da 'yan kai, a watan Janairun 2024, kamfanin HPE ya amince ya saye shi gaba ɗaya a kan dala 40 kowane hannun jari, jimilla kimanin dala biliyan 14, cinikin da aka kammala a 2025. Ka ga hasashen fasaha ya tabbata, amma mai sayen da ya shigo lokacin da labarin ya fi daɗi bai ga kuɗinsa ba.

Waɗansu ma ba su tsira da ransu ba. Nortel na Kanada ya taɓa ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin uku na darajar babban ma'aunin kasuwar Toronto (ma'auni shi ne alƙalumman da ke nuna hawa da saukar farashin rukunin kamfanoni a haɗe) a 2000, yana da ma'aikata fiye da 90,000, amma a watan Janairun 2009 ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, aka wargaza shi aka sayar gunduwa-gunduwa, masu hannun jari kuma suka tashi a tutar babu. Lucent, wanda aka ɓalle daga AT&T a 1996, yana cikin hannayen jarin da Amurkawa suka fi riƙewa, farashinsa ya haura dala 80 a ƙarshen 1999, ya faɗi ƙasa da dala guda a 2002, ya haɗe da Alcatel na Faransa a 2006, daga baya Nokia ya haɗiye su duka a 2016. Nortel da Lucent sun riƙa ba sababbin kamfanonin sadarwa bashi domin su sayi kayansu, abin da ya sa ciniki ya yi kyau a takarda har zuwa ranar da masu cin bashin suka durƙushe. 3Com, wanda tsofaffin ma'aikatan sana'arku suka sani sarai, HP ya saye shi a 2010 a kan dala biliyan 2.7. Duk waɗannan sunaye sun taɓa zama a saman jerin abin da masana ke ce wa jama'a su saya.

Adalci ya wajabta in kawo maka wanda hasashe ya yi wa daidai har a farashi. Arista, wanda aka kafa a 2004, kuma Jayshree Ullal, tsohuwar babbar jami'a a Cisco, take shugabanta tun 2008, ya zaɓi ya yi amfani da ƙwaƙwalwar na'ura da ake saye a kasuwa daga kamfanoni irin su Broadcom, ya mai da ƙarfinsa kan manhajar da ke tafiyar da suwic, ya kuma nufi manyan cibiyoyin adana bayanai. Ya shiga kasuwar hannayen jari a watan Yunin 2014, Cisco ya maka shi a kotu a ƙarshen shekarar, aka sasanta a 2018 bayan Arista ya biya dala miliyan 400, cinikinsa kuma ya tashi daga ƙasa da dala miliyan 600 a 2014 zuwa kimanin dala biliyan 7 a 2024. Wanda ya saya da wuri ya riƙe ya ci riba mai yawa, wannan babu musu. Sai dai ka lura da abu biyu. Na farko, a yau ne muke iya nuna shi da yatsa mu ce ga zakaran, bayan an gama tseren. A 2014 yana ɗaya ne daga cikin masu takara da dama, kuma yana fuskantar shari'ar da ba wanda ya san ƙarshenta. Na biyu, babban kaso na cinikinsa yana fitowa ne daga abokan ciniki ƙalilan, musamman Microsoft da Meta, don haka shawarar da aka yanke a ɗakin taro guda a Amurka, ta rage sayayya ko ta koma wa wani mai kawo kaya, tana iya girgiza farashin a dare ɗaya. A fagen ƙirƙirarriyar basira kuma gasar ta ƙara zafi, domin Nvidia ya sayi Mellanox a 2020 a kan kusan dala biliyan 7 ya shigo harkar haɗa na'urori da ƙarfinsa, manyan masu sayen su kansu kuma suna ƙera wasu suwic ɗin da kansu.

Wannan ya kai ni ga abin da nake jin zai fi yi maka nauyin ji. Na'urorin da kake kafawa a ofisoshi da otal-otal, ko na MikroTik ne, ko Ubiquiti, ko TP-Link, ko Huawei, ko tsofaffin suwic na Cisco da aka shigo da su, suna nuna maka wace na'ura ce ke jure zafi da ƙura da ɗaukewar wuta, kuma wannan ilimi ne mai daraja wanda abokan cinikinka ke biyanka dominsa. Amma makomar farashin kamfanin da aka nuna maka ana yanke ta ne a cibiyoyin adana bayanai na ƙasashen waje, ta hanyar kwangilolin da ba ka ganinsu, kuma dubban ma'aikatan bankuna da asusun zuba jari suna bin diddiginsu dare da rana. Hasali ma Huawei, wanda kamfanonin wayar Nijeriya da na sauran Afirka suka dogara da kayansa ƙwarai, ba a sayar da hannun jarinsa a kasuwa ko kaɗan, kuma matakin da gwamnatin Amurka ta ɗauka a kansa a watan Mayun 2019 ya sauya yanayin gasar ta hanyar siyasa, wadda ingancin na'ura ba shi da ta cewa a ciki.

Yanzu mu zo kan jerin nan na takwas cikin goma. Tambaya ta farko da ya kamata ka yi wa abokinka ita ce: wa ya zaɓi waɗannan goman? Mai sharhin da ke magana kowane mako yana yin ɗaruruwan hasashe a shekaru kaɗan, kuma idan shi ko masu tallata shi ne suka tsamo goma daga ciki, to jerin bai gaya maka komai ba sai cewa sun iya zaɓe. Abin da zai zama hujja shi ne cikakken tarihin maganganunsa, kowace da ranar da ya faɗe ta, da farashin wannan rana, da wa'adin da ya ɗiba, da abin da ya faru a ƙarshen wa'adin, har da waɗanda ya yi shiru a kansu bayan sun ɓaci. Ko da an ba ka goman a jere ba tare da zaɓe ba, lissafi yana nuna cewa idan mutum dubu suka jefa kwabo sau goma kowannensu, kimanin 55 daga cikinsu za su dace sau takwas ko fiye, ba tare da sun san komai ba. Masu sharhi a intanet sun fi dubu nesa ba kusa ba, kuma wanda ya dace shi ne ake yaɗa jerinsa a waya, sauran kuwa ba wanda ke tura nasu.

Tambaya ta biyu ita ce: me kasuwar gaba ɗaya ta yi a daidai wannan lokaci? A 1999 ma'aunin Nasdaq, kasuwar hannayen jari ta Amurka da kamfanonin fasaha suka fi yawa a cikinta, ya tashi da fiye da kashi 85 cikin ɗari a shekara guda, saboda haka kusan duk wanda ya ce a sayi hannun jarin kamfanin fasaha a farkon shekarar ya zama gwani a ƙarshenta. Ma'aunin ya kai ƙololuwa a ranar 10 ga Maris na 2000 a kan maki 5,048, ya gangaro zuwa kimanin 1,114 a watan Oktoban 2002, kuma bai sake taka wancan matsayi ba sai a 2015. Jerin nasarorin da aka tara a lokacin hawa shi ne ya jawo mutane suka zuba mafi yawan kuɗinsu a dab da faɗuwa. Hasashen da ya ce farashi zai hau, ya kuma hau da kashi 10 alhali kasuwa ta hau da kashi 25, a jerin abokinka za a rubuta shi cikin waɗanda suka tabbata, amma wanda ya bi shi ya samu ƙasa da wanda bai saurari kowa ba. Haka kuma jerin ba ya nuna girman asara: hasashe takwas masu ƙaramar riba da biyu masu cinye rabin jari suna iya barin mutum a ƙasa da inda ya fara. Mu ma a nan gida mun ga irin wannan a 2008, lokacin da ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Legas ya haura maki 66,000 a watan Maris, sannan ya zube ƙasa da rabin haka kafin shekara ta ƙare, mutane da yawa da suka ci bashin banki suka sayi hannun jari suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Tambaya ta uku ita ce: me mai hasashen yake samu idan ka saya? Wannan ba zargi ba ne marar tushe. Bayan faɗuwar 2000, binciken da babban lauyan jihar New York, Eliot Spitzer, ya jagoranta ya bankaɗo cewa wasu shahararrun masu sharhi na manyan bankuna suna yaba hannayen jari a bainar jama'a alhali a saƙonninsu na cikin gida suna kushe su, domin bankunansu na neman kwangila daga kamfanonin. A 2003 manyan kamfanonin hada-hadar kuɗi goma suka amince su biya kimanin dala biliyan 1.4, aka kuma haramta wa Jack Grubman, wanda ya fi kowa suna a sharhin kamfanonin sadarwa, da Henry Blodget, sake yin wannan aiki har abada. Grubman ya daɗe yana yaba WorldCom, kamfanin da ya durƙushe a watan Yulin 2002 bayan an gano maguɗin lissafi na biliyoyin daloli. Daga ɓangaren WorldCom ɗin ne kuma aka yi ta yaɗa maganar cewa zirga-zirgar bayanai a intanet tana ninkawa duk kwana ɗari, maganar da aka gina odar na'urori da shimfiɗa wayoyin faiba a kanta, alhali binciken masanin lissafi Andrew Odlyzko ya nuna cewa ninkawar tana ɗaukar kimanin shekara guda. Ban ce mutumin da aka turo maka maƙaryaci ne ba, domin ban san shi ba. Amma ya kamata ka sani ko yana sayar da rajistar shiga wani zaure, ko yana karɓar la'ada daga wata manhaja, ko kuwa ya riga ya sayi hannun jarin da yake kira a saya.

Ko ƙwararrun da ba a zarge su da komai ba, tarihinsu bai ba da ƙarfin gwiwa ba. Warren Buffett, shahararren mai zuba jari na Amurka, ya yi fare na dala miliyan guda da wani kamfanin zuba jari cewa daga farkon 2008 zuwa ƙarshen 2017 asusun da ke bin ma'aunin S&P 500 kawai, wato ma'aunin manyan kamfanonin Amurka 500, ba tare da zaɓen kamfani ba, zai fi rukunin asusu biyar da ƙwararru suka zaɓa. A ƙarshen shekara goman asusun ma'aunin ya ƙaru da kimanin kashi 126 cikin ɗari, mafi ƙwazo a cikin biyar ɗin kuwa bai kai kashi 90 ba. Waɗannan mutane ne da aikinsu ke nan, suna da ma'aikata da bayanan da ni da kai ba za mu taɓa samu ba.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu ya shafi kowane mai zuba jari, amma halinka yana da wani ƙarin nauyi, wato kuɗin nan yana da aiki kuma yana da wa'adi. Ginin da aka kai linta aka bar shi ba rufi yana shan ruwan damina guda cur, bulo yana jiƙa, katakon da aka riga aka saya yana lalacewa, farashin kwano da ƙusa da ladan kafinta kuma ba su saba jiran kowa ba. Ko da hasashen zai tabbata a ƙarshe, ba wanda ya yi maka alkawarin zai tabbata kafin ranar da kake buƙatar kuɗin, kuma hannayen jarin irin waɗannan kamfanoni suna iya faɗuwa da kashi 20 cikin ɗari a yini guda idan rahoton cinikin da kamfani ke fitarwa duk wata uku ya zo ƙasa da abin da ake tsammani. Mai kuɗin da ba shi da wa'adi yana iya jira. Kai kuwa tilas za ta sa ka sayar a ranar da farashi ya fi muni. Ga kuma canjin kuɗi a tsakani: dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma kafin watan Yunin 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024, ta sauko ƙasa da 1,200 a watan Afrilun 2024, sannan ta sake hawa. Wannan yana iya taimakonka, yana kuma iya cutar da kai, ka ga ke nan hasashe biyu kake yi a lokaci guda, na kamfani da na naira.

Game da maiɗakinka, ina roƙonka ka sassauta. Ba ta buƙatar sanin bambancin rauta da suwic kafin ta gane cewa kuɗin rufi na rufi ne, kuma ita ma ta sha wahalar tara shi, ko da ta hanyar haƙuri da abin da aka rage a cefane ne. Gidan nan ita da yara ne za su zauna a ciki, kuma idan aka yi asara ita ce za ta ƙara shekara a gidan haya. Ka zauna da ita cikin natsuwa, ka gaya mata cewa ka sake tunani, ka nuna mata lissafin aikin rufin da ranar da kafinta zai fara, kada kuma ka mai da maganar ta zama ta wanda ya yi nasara a gardama. Abokinka ma ba sai ka ɓata da shi ba, domin mai yiwuwa alheri yake nufinka da shi. Ka miƙa masa tambayoyin nan uku, ka ga ko zai iya samo amsarsu.

Idan bayan an gama rufin sha'awar zuba jari tana nan, ba laifi ba ce, kuma ba na so ka fita daga wannan shafi da tunanin cewa kasuwar hannayen jari haramtacciyar hanya ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Ka fara da abin da ka san ba za ka buƙace shi ba cikin shekara biyar, wanda kuma ɓacewar rabinsa ba za ta hana gidanka cin abinci ba, kada ka ci bashi dominsa, kada kuma ka karɓi kuɗin wani ka haɗa. Ka tabbatar manhajar da za ka bi tana da rajista da hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Nijeriya, ka karanta abin da take caja wajen saye da sayarwa da canjin kuɗi. Ka fifita asusun da ya rarraba jari a kamfanoni da yawa a kan kamfani guda, kuma idan kana da tambaya kan halaccin wasu kamfanoni ko asusu a shari'a, ka kai ta ga malamin da ya san fiƙihun ciniki kafin ka saya. In har kana so ka riƙe hannun jarin kamfanin na'urorin sadarwa saboda fagenka ne, to ya zama ƙaramin kaso, kuma ka fara karanta rahoton shekara na kamfanin, wanda ake samu kyauta, ka duba kaso nawa na cinikinsa ke fitowa daga manyan abokan ciniki biyu ko uku, da yawan kayan da ke jibge a rumbunsa, da ninki nawa na ribarsa ake sayar da shi.

Shi kuma mai sharhin, akwai hanyar gwada shi wadda ba za ta ci maka ko kwabo ba. Ka buɗe littafi daga yau, duk hasashen da ya yi ka rubuta shi a ranar da ya yi shi, da farashin kamfanin, da matsayin ma'aunin S&P 500 na wannan rana, ba tare da tsallake ko ɗaya ba, har da wannan na kamfanin da ya ce zai ninka. Bayan wata goma sha biyu ka lissafa abin da naira dubu ɗari za ta zama da an raba ta daidai a kan duk abin da ya ce a saya, ka cire kuɗin da manhaja za ta caja, sannan ka kwatanta da abin da za ta zama da an bar ta a asusun ma'aunin. Shekara guda ba ta isa ta tabbatar da gwaninta ba, amma za ta ba ka lissafin da kai ka rubuta da hannunka, kuma a kansa ne za ka yanke shawarar ko ya cancanci ka ci gaba da sauraronsa. Allah ya yi jagora.